Ina busa Faransi hon a Kano, in shiga gasar ɗalibai ko in dakata?

"Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 19, a nan Kano nake, kuma shekara uku kenan ina busa Faransi hon a badujalar makarantarmu, na gama sakandare amma har yanzu ina zuwa atisaye. Na ga tallan wata gasa ta ɗalibai a intanet, sun ce a tura bidiyo kuma a biya kuɗin rajista da dala. Ni koncato na farko na Strauss nake so in busa saboda shi nake ji kullum a YouTube. In shiga? Kuma wai me alƙalan nan suke dubawa ne?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Na ji daɗin tambayar nan sosai, don a garin nan in ka tara yara masu busa, kusan kowa ƙaho mai kaifin murya yake so, wanda za a ji shi tun daga bakin titi, da wuya ka samu wanda ya ɗauki hon ya riƙe shi har shekara uku bai ajiye ba. In na fahimce ka abu uku kake tambaya a dunƙule: ko wannan gasar ta cancanci kuɗinka, ko Strauss ya yi daidai da inda ka kai, sai kuma abin da kunnen alƙali yake nema. Zan bi su amma ba a jere ba, don akwai abin da ya kamata a fara tabbatarwa.

Ka duba abin da ke hannunka tukuna. A badujaloli da yawa na makarantu da coci-coci, abin da ake ba yaro a ce masa hon ne, wani kayan busa ne daban, mai bawul uku a tsaye da ake dannawa da hannun dama, bakinsa na kallon sama ko gaba. Faransi hon na gaskiya a naɗe yake kamar gammo, da hannun hagu ake danna makullansa, hannun dama kuma yana cikin faffaɗan bakinsa da ke kallon baya. In naka na farkon ne to babu gasar hon da za ta karɓe ka da shi, komai iyawarka. In kuma na biyun ne, sai ka duba ko akwai makulli na huɗu a wajen babban yatsa. Mai makullin babban yatsa shi ne mai ɓangare biyu, wato jerin bututu biyu a kaya ɗaya, F da B-filat, wanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1897, kuma kusan duk wanda za ka kara da shi a gasa irinsa yake riƙe da shi. Mai ɓangare ɗaya ma ana iya shiga ƙananan gasa da shi, sai dai notocin sama za su fi ba ka wahala.

Gasar ba iri ɗaya ba ce

A can ƙololuwa akwai irin gasar ARD da ake yi a birnin Munik na Jamus tun 1952, ba kowace shekara hon yake fitowa a cikinta ba, juyawa ake yi tsakanin kayan kiɗa. Hermann Baumann ya ci ta ɗaya a 1964, Radovan Vlatković a 1983, Radek Baborák kuma a 1994 yana ɗan shekara 18. Kar shekarun Baborák su ruɗe ka, tun yana ɗan shekara takwas ya fara, a hannun malami, a ƙasar da yaro yake tashi yana jin okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa masu goge da busa da ganguna. Akwai ta Firag a ƙasar Cek, akwai ta Markneukirchen a Jamus. Waɗannan sunansu gasar matasa amma masu shigarsu mutane ne da suka gama manyan makarantun kiɗa, wasu ma har sun samu kujera a okestira. Ka saurare su don kunnenka ya buɗe, shi ne amfaninsu gare ka a yanzu.

Ƙasa da su akwai na ɗalibai zalla. Ƙungiyar mabusa hon ta duniya, IHS, wadda aka kafa a 1970, tana taro duk shekara kuma tana da gasanni da tallafi na ɗalibai, wasu na busa kai kaɗai da rakiyar fiyano, wasu kuma kwaikwayon gwajin shiga okestira ne, inda za a ba ka gajerun gutsattsari, misali sanannen wurin hon a kashi na biyu na simfoni ta biyar ta Tchaikovsky, ko buɗewar Till Eulenspiegel na Strauss, ka busa su ɗaya bayan ɗaya. A Ingila kuma akwai gasar matasan makaɗa ta BBC, wadda David Pyatt ya cinye da hon a 1988 yana ɗan shekara 14, amma ita ta mazauna can ce.

A gida Najeriya, gaskiya harkar ta fi ƙarfi a Legas. MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Onikan, wadda aka kafa a 1983, tana da makarantar kiɗa da jarrabawar mataki-mataki da kuma difloma. Sojan ƙasa da na ruwa suna da makarantun kiɗansu, 'yan sanda suna da badujalarsu, kuma duk mai son shiga irin waɗannan wurare sai ya tsaya gaban mutane ya busa an auna shi. Wannan ma gasa ce ko da ba a kira ta haka ba, kuma a wurina ta fi kusa da rayuwarka fiye da kofin da za a aiko maka hotonsa ta imel.

Abin da alƙali yake ji

Yara suna zaton alƙali yana zaune ne yana ƙirga notocin da suka fashe. Yana jin su mana, ba kurma ba ne, amma duk wanda ya taɓa sa hon a baki ya san dalilin fashewar. Bututun ɓangaren F in aka miƙar da shi ya kai wajen ƙafa 12, bakin busar kuma ƙarami ne mai zurfi, kuma mu a saman zangon sautin kayan muke yawan aiki, inda notocin da yatsu iri ɗaya suke bayarwa suka matsu da juna sosai. Kamar lungunan cikin Kurmi ne, taku ɗaya ka karkace ka faɗa shagon maƙwabci. To shi ya sa nota ɗaya ko biyu da suka fashe ba sa kayar da mutum. Abin da ke kayarwa shi ne abin da ya biyo baya, yaro ya fasa nota sai ya ɓata fuska, ya girgiza kai, ya rage iska don tsoro, sai layi huɗu na gaba su mutu gaba ɗaya.

Farkon abin da ke shiga kunne shi ne muryar kayan, tun daga notar farko. Cikakkiya ce mai zagaye, ko siririya ce matsattsiya? Mu 'yan badujala muna da wata matsala a nan da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye: a fareti aikin hon yawanci cike gurbi ne tsakanin bugun ganga, gajerun notoci da ƙarfi, a fili, cikin rana, ana tafiya. Shekara uku a haka tana ba ka ƙarfin leɓe da juriya, amma tana koya maka buga nota da harshe kamar ana sara, ba ta koya maka jan dogon layi a hankali har ya ƙare ba tare da ya yi rawa ba. Alƙalin gasa kuwa wannan dogon layin yake jira. Bayan murya sai daidaiton sauti, wato ko kana hawa ko sauka daga inda fiyano take, sannan lokaci, ko kana gudu a wuri mai sauƙi kana ja da baya a wuri mai wuya, wanda kusan kowane ɗalibi yana yi bai sani ba. Sai a ƙarshe a zo kan ko ka fahimci abin da kake busawa, inda jimla ta fara, inda ta nufa, inda ya dace ka ja numfashi. Mutum biyu za su busa notoci iri ɗaya daidai, ɗaya ka ji yana magana, ɗaya ka ji yana karanta jerin sunaye.

Hannun dama ma ana kallonsa a bidiyo. Na sha ganin yara sun riƙe gefen bakin kayan ta waje kawai don kar ya faɗi. Hannun nan aiki yake yi, shi yake tausasa murya ya kuma saukar da sauti kaɗan, in babu shi a ciki za ka yi ta hawa sama da fiyano kana mamakin dalili.

Maganar Strauss

Ban ga laifinka ba, wa zai ji buɗewar nan bai so ya busa ta ba? Richard Strauss ya rubuta koncaton nan, wato kiɗan da hon ke jagoranta okestira na raka shi, tsakanin 1882 da 1883 yana ɗan shekara 18, kuma mahaifinsa Franz Strauss shi ne babban mai hon a okestirar fadar Munik, kaga a cikin sautin ya tashi. Amma ka lura da yadda aka gina shi: bayan bugu ɗaya na rakiya, kai kaɗai za ka fito da ƙarfi ba mai rufa maka asiri, sannan kashi ukun a haɗe suke babu tsayawa, wajen minti 15 zuwa sama, kuma wurin da ya fi gudu yana can ƙarshe lokacin da leɓe ya riga ya gaji. Ga shi kuma kowane alƙali ya busa shi tun yana yaro, ya ji shi daga bakin ɗalibai ba adadi, babu inda za ka ɓuya.

Ni dokar da nake bi da ɗalibaina ita ce, abin da za ka kai gasa ya zama wanda kake iya busawa daga farko har ƙarshe a ranar da ba ka jin daɗin jikinka. Wanda sai a rana mai kyau yake fita, wannan na ɗakin atisaye ne tukuna. Ga mai shekara uku da ya taso a badujala, zan fi so in ji Romance mai lamba 36 ta Saint-Saëns, ko Nocturno na shi Franz Strauss ɗin, ko kashi na biyu da na uku na koncato na uku na Mozart. Koncato huɗu Mozart ya rubuta wa abokinsa Joseph Leutgeb, kuma na ukun shi aka fi fara ba ɗalibi don bai cika hawa sama ba. Kar ka raina shi, a buɗe yake fayau, duk wata ƙazantar harshe sai ta fito. Abu ɗaya ka kula: asalin takardar Mozart an rubuta ta ne don hon na E-filat, to ko dai ka nemi bugun da aka mayar F, ko ka koyi sauke kowace nota da taki ɗaya kana karantawa, wanda dama dole wata rana ka koya. Duk waɗannan takardun suna nan kyauta a IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, har da na fiyano.

In ka ƙara gaba akwai Villanelle ta Paul Dukas, wadda dama don jarrabawar ɗaliban babbar makarantar kiɗa ta Faris aka rubuta ta a 1906, shi ya sa ta tattara komai, dogon layi, toshe bakin kayan da hannu, gudu. Ita da Strauss ɗin ka sa su a gaba a matsayin inda za ka, ka riƙa taɓa su kaɗan-kaɗan.

Mai fiyano

Nan ne ainihin inda yaranmu na Kano suke faɗuwa, kuma nan ne tambayarka ba ta taɓo ba ko kaɗan. Kusan duk waɗannan ayyuka na mutum biyu ne. Mafi yawan gasa suna so a ga mai rakiya a zaune yana kaɗawa, wasu suna yarda da sautin da aka riga aka ɗauka, wasu ba sa yarda, sai ka karanta ƙa'idar shekarar da kanka layi-layi. Masu kaɗa fiyano akwai su a garin nan, musamman a coci-cocin Sabon Gari da cikin bariki, wasunsu hannunsu abin mamaki ne, amma da yawa da kunne suke kiɗa ko da solfa, kai kuma wanda yake karanta nota a layi biyu lokaci guda kake buƙata, kuma rakiyar Strauss ba ƙaramin aiki ba ce ko ga wanda ya iya. Wannan ma wani dalili ne na zaɓar Saint-Saëns ko Mozart, za ka fi saurin samun wanda zai iya raka ka.

Akwai wani yaro da na koyar, mai ƙoƙari ƙwarai, ya haddace kashin farko na Mozart tsaf yana bin rikodin a waya. Ranar da muka samu mai fiyano suka zauna tare, sai ga shi bai san inda zai shigo ba bayan kowane hutu, saboda bai taɓa ƙirgawa ba, jiran muryar mai busan cikin waya yake yi ya bi bayansa. Sai da muka koma muna tafa hannu muna ƙirga hutun da baki kamar 'yan aji ɗaya. Wata biyu bayan haka yaron ya zama wani mutum daban, har muryar kayansa ta canza, don ya fara sauraron wani ba kansa kaɗai ba. Saboda haka ka nemi mai rakiya tun kafin ka nemi gasa, ku yi magana a kan abin da za ka riƙa ba shi na mota da na wahala, ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya ne a sati. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗaukar bidiyo a garin nan

Yawanci ana so a ɗauka a tashi ɗaya, ba yanka ba gyaran sauti, a ga fuskarka da hannayenka biyu. Tunda bakin hon baya yake kallo, sautin da mutane suke ji wanda ya daki bango ya dawo ne. Kar ka ajiye waya a bayan bakin, za ta ɗauko tsawa da hucin iska kawai. Ka ajiye ta a gabanka kamar taku uku ko huɗu, bango kuma yana bayanka da ɗan tazara, ba ka manne da shi ba, ba kuma labule mai kauri ba. Aji babba da ba kowa ko ɗakin taro ya fi ɗakin kwana. A kashe fanka, don iskarta tana sa dogon sauti ya riƙa kaɗawa a rikodin kamar leɓenka ne ke rawa. Ka zaɓi lokacin da ba janareto a kusa, ba hayaniyar adaidaita sahu, kuma ka lissafa lokutan kiran sallah don kar ka zo tsakiya ka tsaya.

Yanayi ma yana da nasa. A zafin Maris zuwa Mayu ƙarfe yana ɗumama sautin ya hau, fiyanon lantarki kuwa tana nan inda take, sai ka ɗan jawo bututun daidaitawa waje, ka duba da manhajar auna sauti bayan ka yi ɗumin baki ba kafin ba. Da hunturu kuma leɓe ke tsagewa, ƙura ta shiga bawul su riƙa liƙewa. Man kaɗe da daddare, a goge kafin busa, a sha ruwa sosai, bawul kuma a sa musu mansu na ainihi, dan Allah ban da man girki ko baƙin mai, na ga kayan da aka kashe da su. In ranar rufe gasa ta faɗo cikin azumi kuma kana yi, ka ɗauka da daddare bayan an sha ruwa an huta, busasshen baki ba ya busa hon. Kafin ka danna ɗauka ka zubar da ruwan da ya taru a bututu, ƙarar ɓulɓul ɗin nan tana ɓata aiki mai kyau.

Sai tsoro. Za ka ga da zarar an kunna kyamara bakinka ya bushe, numfashi ya gajarce. Maganinsa sabo ne, ka tara abokan badujala ko 'yan gida su zauna su yi shiru ka busa musu daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, ko me ya faru, ka yi ta maimaitawa har jikinka ya daina ɗaukar abin a matsayin tashin hankali. In wani ya ce maka akwai ƙwayar da ke kwantar da bugun zuciya kafin wasa, kar ka karɓa daga hannun kowa, wannan maganar likita ce.

To ita wannan gasar fa?

Ba ka faɗi sunanta ba, to ga yadda za ka auna ta da kanka. An rubuta sunayen alƙalai, kuma in ka bincika mabusa hon ne na gaske da ke koyarwa ko aiki a wani wuri sananne? Akwai jerin waɗanda suka ci a shekarun baya da bidiyonsu? Za a aiko maka da sharhin alƙalai a rubuce ko da ba ka ci ba? Wannan na ƙarshen shi ne abin da kuɗinka yake saya a matakin da kake. Akwai gasanni a intanet da kusan duk wanda ya biya sai an ba shi lamba, ta ɗaya mutum da yawa, ta biyu mutum da yawa, daga nan a ce ka sake biyan wani kuɗi mai nauyi don ka je bikin karramawa a Turai, bizar ma kai za ka nema. In ka ga haka ka riƙe kuɗinka, a yadda dala take yanzu ba abin wasa ba ne, balle in iyaye za a tambaya.

Da ɗana ne na cikina, kuɗin nan jarrabawar mataki zan sa shi ya fara biya da su. ABRSM da Trinity, hukumomin jarrabawar kiɗa na Ingila, duka suna da mataki 1 zuwa 8 kuma duka suna karɓar bidiyo yanzu, kana Kano za ka yi. A ta ABRSM ta bidiyo abu huɗu za ka busa a jere a ɗauka ɗaya, kuma kafin mataki na 6 zuwa sama sai kana da shaidar mataki na 5 ta ilimin nota ko makamanciyarta. Za ka samu maki da sharhi, ka samu takardar da makarantar kiɗa ko'ina ta san darajarta, kuma duk abin da gasa take nema, mai rakiya, ɗauka a tashi ɗaya, tsayuwa gaban kyamara, ka riga ka yi shi. Bayan nan sai ƙaramar gasar ɗalibai mai ba da sharhi, shekara mai zuwa in Allah ya kai mu.

Duk wannan na faɗa ne a kan abin da na saba gani ga mai shekara uku a badujala, ban ji busarka ba, kuma akwai yaran da suke wuce lissafin malami. Ka ɗauki bidiyo gajere ka kai wa malamin badujalarku ko ka turo min: dogayen notoci guda biyar daga ƙasa zuwa sama, kowace ka fara ta a hankali ka ƙara ƙarfi ka sake saukewa, sikel ɗaya, wato jerin do-re-mi, hawa biyu, sai layukan farko na Romance ɗin Saint-Saëns. In kuma kana jin zafi ko mutuwar leɓe da ba ya warwarewa bayan kwana ɗaya na hutu, ko haƙorin gaba yana motsi saboda danna bakin busa, ka ajiye kayan ka ga likitan haƙori kafin mu yi maganar kowace gasa.